Abin da Murhu Ba Ya Ci

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya neman izini,
wata tara yana kwana kan rufin kwano.
Eduvina ta riga zakara tashi,
ta buɗe bakin murhun ƙarfe, ta gaishe shi da ƙirare.

Shekara arba'in da ɗaya, ta san halinsa:
ɗanyen ice, ya yi ta gunaguni da hayaƙi;
busasshe, ya yi shiru ya kama aiki,
ya dafa dankali, ya busar da safa,
kyanwa ta miƙe a gindinsa kamar ita ta saya.

Bayan rumfar tumaki akwai tsibi:
tayoyi biyu, katifar da danshi ya cinye,
tsohuwar raga, jarkokin mai,
takalmin roba ƙafa ɗaya,
da kwale-kwalen Nibaldo a kife
tun shekarar da teku ta dawo da shi babu mai shi.

Motar shara iyakarta mararraba,
sau ɗaya a wata, in hanya ta yarda.
Maƙwabcinta Belarmino ba ya jira.
Ya tara nasa, ya ƙyasta ashana,
baƙin hayaƙi ya tsallako shinge
ya tare cikin ulun da ta shanya.
Ya ce, "Wuta ba ta zaɓen abinci."
Ta ce, "Huhu yana zaɓe."

Bana ice ya ƙare Agusta bai yi rabi ba,
sanyi kuwa yanzu ya zauna da gindinsa.
Ta ɗauki zarto ta nufi kwale-kwalen.
Haƙarƙarinsa babu fenti, sai gishiri.
Ta yanka, ta jera, ta shigar.
Daren nan wutar ta yi shuɗi-shuɗi,
ɗaki ya ɗauki ƙanshin teku,
ta zauna har garwashi ya yi furfura.

Allunan gefe, masu jan fenti, ta ware.
Waɗannan murhu ba ya ci,
in ta binne, rijiya ba za ta gode ba.
Ta loda a baro, har tayoyi, har raga,
sawu uku zuwa mararraba cikin taɓo.

Allo ɗaya ne ya biyo ta gida,
wanda Nibaldo ya rubuta sunanta a jiki,
harafin ƙarshe dishi-dishi, don fenti ya ƙare masa.
Bai shiga ice ba, bai shiga shara ba.
Ta jingine shi bayan ƙofa, kusa da gatari.

Da safe ta kwashe toka,
ta barbaɗa a kunyar tafarnuwa.