Gangaren Riruwai

Kawu Jatau ya ce kada in bi kwalta.
"Kwalta ta masu sauri ce," in ji shi,
yana ɗaure mini sarƙar keke da guntun waya.

Sai na bi ta tsakuwa,
wadda motocin kuza suka bari tun ba a haife ni ba.
Tayar gaba tana taunar hanya,
ƙaras-ƙaras, kamar mai cin aya.

A hawan farko na sauka na tura.
Ba kunya, dutse ba ya kai tsegumi gari.
Gumi ya cika mini ido,
ƙafafuna na rawa kamar na maraƙin da aka haifa yau.

Daga nan daji ya rufe.
Maɗaci, kawo, ɗorawa, inuwa kan inuwa.
Wani gwaggon biri bisa falalen dutse
yana harara ta kamar yana bi na bashi.
Shanu sun ratsa da asuba,
na bi sawunsu har bakin rafi,
na saɓa keken a kafaɗa.
Yau shi ya hau ni.

Sai gangara.
Birkin baya ya mutu tun bara,
na danna diddigen silifa a kan taya.
Ƙaurin roba, iska cike da baki,
na kwarma ihu, ban san me na ce ba,
tsauni ya maimaita mini har sau biyu.

Can ƙasa, gefen tsohon ramin kuza da ruwa ya cinye,
na tarar ƙaya ta gama da tayar.
Ba faci, ba famfo.
Goro ɗaya ne a aljihu.
Na ɓare shi:
rabi yanzu,
rabi sai na hango hayaƙin gari.