Ƙulli Goma Sha Ɗaya

Ran Talata, tun masu hutu ba su farka ba,
kakata Hilkka takan kwance kwalekwale,
ni da filafili, ita da igiya
da farin faranti mai huji a tsakiya,
wanda a da aka sha cin kifi a kansa.

Nan arewacin Finlan, a watan Yuni,
rana ba ta faɗuwa, sai dai ta rusuna
bisa kan itatuwa ta sake miƙewa.
Sauro ne kaɗai ya san ƙarfe nawa.

Can tsakiyar tabki, inda in ka jefa dutse
za ka gaji da jira ka manta da shi,
sai ta ce, "Tsaya nan."
Ta juya wa rana baya, ta saki faranti.
Igiya na bin yatsunta, ƙulli bayan ƙulli,
kowane ƙulli mita guda.
Fari ya zama shuɗi, shuɗi ya zama toka,
har ya koma kamar fuskar wanda ya rasu
da kake son tunawa, tana ƙi.
Inda ya ɓace, nan take rubutawa.

Littafin na ubanta ne, Aulis mai taru.
A shafin farko: goma sha shida.
Ya ƙara da fensir a gefe,
"Na ga inuwar jirgina kwance a ƙasan ruwa."
Ita ta karɓa a goma sha huɗu.

Ruwa ba ya tsami banza.
An tsaga fadamun gabas don itacen katako,
magudanai suka riƙa kawo ruwa mai launin shayi.
Gidajen hutu sun tashi daga tara zuwa sittin,
kowanne da ɗakin surace a bakin gaɓa
da ciyawar ado mai cin taki.
Tauno, da ke huda ƙanƙara ya zauna da fatsa
tun ina goye,
ya ce bana tarunsa da santsi yake fitowa,
kifi mai jan ciki kuma ya gudu ƙasa
neman sanyin da aka rage masa.

Amma jiya wasu baƙi suka wuce a jirgin inji,
yara na tsalle cikin ruwa suna ihu,
uwarsu ta ɗebo a tafi ta kurɓa,
ta ce ba ta taɓa ganin garau irin wannan ba.
Kakata ta ɗaga mata hannu.
Ba ƙarya ta yi ba.
Wanda bai san goma sha shida ba,
goma sha ɗaya aljanna ce a gare shi.

Yau faranti ya sauka.
Bakwai. Takwas.
A tara ta riƙe igiya, ta ce, "Ya tafi."
Na leƙa.
Yana nan, fari-fari, yana lilo a hankali.
Na ce, "Kaka, ina ganinsa."
Ta saki ɗaya. "Yanzu fa?"
"Yana nan."
Ta saki ɗaya. Sai da ƙyar. Sannan babu.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta cire tabarau ta goge da bakin riga,
ta mayar, ta sake cirewa.
Daga nesa wata agwagwar ruwa ta yi kuka.

"Shekara biyu ke nan," in ji ta,
"ina ɗora wa tabkin nan laifin idona."

Ta miƙo min igiya da jiƙaƙƙen hannu,
ta miƙo fensir.
Na rubuta goma sha ɗaya ƙarƙashin rubutunta,
hannuna na rawa, jirgi ma na rawa.
Ita ta koma mazaunina ta kama filafili,
ta ce in zauna sosai, kar in jiƙa littafi.