Tanda Mai Gida Biyar

A Adum, bene na biyu, shagon Oppong,
na'ura uku ya jera min a tebur
kamar mai raguna ranar jajibere.
Kwamfuta arba'in na jirana a Aboabo,
tsofaffi, 'yan kwantenar Tema.
Malama Zuwera na son su kafin Litinin,
darasi iri ɗaya a cikin kowacce, ba ragi, ba ƙari.

Ta farko baki biyu gare ta: uwa nan, 'ya nan.
Sidi ɗari shida. Jikin roba, ba allo, ba fanka.
Ba ta bambanta rubutu da fili,
har inda babu komai sai ta kwafe,
kamar yaron da aka ce ya juyi littafi
ya duƙufa yana juyar farar takarda.
Awa uku, faifai ɗaya.
Na ƙirga, yatsuna suka ƙare, Litinin ta wuce ni.

Ta ƙarshe, wai! Ƙarfe ce, baki goma sha ɗaya.
Tana tsallake fili, tana komawa baya ta duba
ko abin da 'ya ta riƙe shi uwa ta faɗa.
Oppong ya faɗi kuɗinta yana kallon rufi.
Na ce, ɗan'uwa, ai wannan babur ne har da hular kwano.
Ya ce rabi na kwastan ne, saura dala ta cinye,
nasa bai wuce na koko da ƙosai ba.
Muka yi dariya, ba wanda ya yarda da wani.

Ta tsakiya baki biyar.
An ba ta sauri, an hana ta waiwaye.
Wanda ya ƙera ta, can inda yake,
ya zauna da alƙalami yana yanka:
cire wannan kuɗi ya sauka, bar wancan kar ta ƙone.
Haka nake wa telana in yadi ya gaza,
a bar min aljihu, a rage hannu.

Sai Iya Gambo ta faɗo min a rai, ita da tandarta.
Ƙullu ɗaya, gida sha biyu,
na tsakiya sun yi baƙi, na gefe da sauran ɗanye.
Takan ce, kar ka ƙirga gida, yaro,
leƙa ƙasa ka tambayi wuta.
Na kifa na'urar, na karanta cajarta.
'Yar mitsitsiya.
'Ya'ya biyar, nono ɗaya.
Kuma in guda gurguwa ce, huɗun tsayawa za su yi,
tafiyar ayari tafiyar mai ɗingishi ce.

Duk da haka ita na ɗauka.
Na san araha ba ta ado,
amma tsada ma ba ta biyan haya.
Garanti wata uku, a baki, ba takarda.

A shago na samo jan fenti
na rubuta UWA a bakin farko, da manyan baƙi,
don Fuseni hannunsa ya fi idonsa sauri,
kuma ita wannan ba ta tambaya:
ka juya mata, sai ta shafe uwa da wofin 'ya,
fitilarta kore shar, wai ta gama aiki.

Daren Asabar wuta ta ɗauke sau biyu.
Na jiƙa tsumma, na kunna fankar tebur a kanta.
Dubawar da aka cire mata, ni na zama ita:
kunna, jira, buɗe darasi, kashe,
kunna, jira.
Ta talatin da ɗaya ta ƙi tashi.
Ta talatin da takwas ta tashi, ta manta lissafi.

Da aka kira assalatu saura biyu.
Fuseni na barci kan kwali, kebur a hannunsa.
Ragin da na samu a Adum
ga shi nan a idona, ja wur.