Tsaga Uku a Teburin Deolinda

A Marinha Grande, bayan tsohuwar masana'antar gilashi,
akwai shagon da muke sassaƙa mazubi na ƙarfe.
Ranar da na fara aiki
Deolinda ba ta nuna mini inda ake kunna inji ba.
Ƙugiyar waya ta miƙo mini, da buroshin da ya yi sanƙo,
ta ce, "Tsaga uku ne a teburin nan, Telmo. Share su."

Na leƙa. Baki ƙunci, ciki faɗi,
harafin T ne aka kifa, ya miƙe daga gefe zuwa gefe,
kamar mutum mai rowar magana
da ya tara zance fal cikinsa.
Na yi ta yasar ɓarɓashi da baƙin mai,
ina ƙunƙuni ƙasa-ƙasa:
shekara uku a makarantar sana'a, sai ga ni ɗan shara.

Ta ɗauki noti mai kafaɗu, ta zura shi ta ƙarshen tsaga,
ya sulale shiru kamar kifi a ƙarƙashin gada.
Ta ɗora maɗauri a kan aiki, ta ja sifana sau biyu da rabi.
Kafaɗun noti suka tokari leɓɓan tsaga daga ƙasa,
dunƙulen ƙarfe ya zauna daram.
"Abin da ke riƙe aiki ba a ganinsa," in ji ta.
"Ido na kan wuƙa, amana na ƙarƙashin tebur."

Wata Alhamis ana ruwa, yunwa na cina,
ƙamshin gasasshen kifi na shigowa daga rumfar Gracinda,
na tsallake tsagar ƙarshe.
Ɓarɓashi ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya kwanta a kafaɗar noti ya yi lamo.
Wuƙa ta ci ƙarfe, ta ci, sai ƙara ta sauya murya.
Aiki ya gusa da kaurin silin gashi.
Mazubin fitilar mota, wahalar mako uku,
ya koma abin tokare ƙofa.

Na jira tsawa. Ba ta zo ba.
Ta kama yatsana, ta bi da shi tsagar tsakiya
har muka faɗa wani giɓi, inda leɓe ya ɓantare.
"Ni ce," ta ce. "Ina 'yar sha tara.
Ƙusar ta yi tsayi, ta taɓa ƙasan tsaga, ban ji ba,
na ci gaba da ɗaurewa don a ce ina da ƙarfi.
Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, ba ya gargaɗi.
Ƙas! kamar an karya busasshen biredi.
Maigida Anacleto ya hana a toshe.
Ya ce in riƙa gaishe shi kowace safiya."
Shekara arba'in da ɗaya tana gaishe shi.

Yanzu injinan kwamfuta sun cika shagon,
suna aiki a bayan ƙofofin gilashi, ba sa neman shawarar kowa,
amma ko su, leƙa teburinsu:
baki ƙunci, ciki faɗi.

Deolinda ta ajiye aiki, hannunta ya soma rawa.
Wani lokaci takan biyo in ta fito sayen kabeji.
Ba ta kallon allo, ba ta tambayar ciniki.
Sai ta nufi tsohon tebur,
ta zura ɗan yatsa a tsagar ƙarshe, ta ja shi har gefe,
ta ɗaga shi wajen taga, ta daɗe tana dubawa.
Jiya ta goge shi a kafaɗar rigata,
ta ce kofin shagon nan har yanzu ɗanɗanon giris gare shi,
amma in zubo mata.