Uku da Ɗigo Takwas

A watan Maris na rubuta su, guda biyar,
a shafin farko, ƙarƙashin sunana:
"A ƙarshen zango, ɗalibi zai iya..."
Zai iya, zai iya, zai iya,
kamar mai ja wa teku layi da kara
yana cewa, nan za ka tsaya gobe.

Yanzu Yuli ne, tsakiyar sanyin Valparaíso.
Ruwa na dukan kwanon rufi.
Akwatin ƙarfen da ke hawa da mutane tudu
ya yi sawunsa na ƙarshe, ya yi shiru.
Takardu tamanin da huɗu a teburin cin abinci,
shayina ya huce tun a ta goma sha ɗaya.

Na naɗe kusurwar kowace takarda, kada in ga suna.
Ni ce fa na koya musu, a mako na shida,
yadda zuciya ke riga ido yanke hukunci,
yadda mai yunwa ke tsananta wa wanda bai san hawa ba.
Shi ya sa na ci burodi kafin in ɗauki jan biro.

Tambaya ta huɗu: Bayyana mantuwa, ka kawo misali.

Maite Urrutia, ko an ɓoye suna na san rubutunki,
jere kamar haƙoran mataji.
Kowace kalma na mazauninta, kowane bincike da shekararsa.
Bakwai cif, babu abin ragewa.
Ke ce kike ɗaga hannu kowace Talata:
"Malama, wannan zai fito?"
Ya fito, ga shi kin kama shi.

Sai wata takarda mai ƙarnin kifi.
Nahuel Painemal, kujerar baya kusa da taga,
mai sauke kwandunan kifi a bakin teku tun asuba,
ya zo aji ƙarfe goma ya yi ta gyangyaɗi.
Ya rubuta:

"Kakata tana kirana da sunan babana.
Shekara tara da rasuwarsa.
Da farko ina gyara mata, sai ta sake jin mutuwar sabuwa fil,
ta yi kuka kamar yau aka zo da labari.
Yanzu amsawa nake yi.
Ta manta an ci abincin rana,
amma hannunta bai manta saƙa ba.
Ina jin tunawa ba ɗaki ɗaya ba ce,
gida ne da fitilunsa ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya."

Shi ke nan. Ba sunan bincike, ba kalmar littafi ko ɗaya.

Na jawo jadawalin maki, wanda ni na tsara,
kwamiti ya zauna ya sa masa hannu.
Ma'ana: rabi.
Kalmomin fanni: babu.
Misali: akwatin bai kai faɗin farcena ba.
Na haɗa da sauran amsoshinsa, na sake haɗawa.
Uku da ɗigo takwas.
A nan da huɗu ake tsallakewa.

An ce sai an gwada akan san na ƙwarai.
To, wa ya gwada mudun?
Amma in na ƙara masa don ya taɓa ni,
me zan ce wa yaron takarda ta talatin
da ba shi da kaka, sai kuskure tsagwaronsa?
Kuma wata rana Nahuel zai zauna gaban likitoci,
in ba shi da sunan abin da ya gani
za su wuce shi kamar bai ga komai ba.

Kare na haushi a kan matakala, can ƙasa.
Jirgin dakon kaya ya yi kuka, zai fita.

Na rubuta ukun, na rubuta takwas ɗin.
A gefe, da fensir:
"Abin da hannunta ya riƙe yana da suna.
Zo ofis ran Alhamis, akwai jarrabawar gyara.
Ka yi barci kafin ka zo."

Na juya shafin Maris, na sake karanta biyar ɗin.
Akwai ɗan fili ƙarƙashin ta ƙarshe.
Na daɗe da biro a kansa.

Saura takarda arba'in da ɗaya.
Na tashi in ɗora ruwa.