Rigar Waya

Shekara goma sha tara ina naɗin koyil a Marina.
Fankar da ta mutu, injin ban-ruwa da ya ƙone a Kwalkwalawa,
a kawo, in buɗe, in shinshina, in ce ga inda wuta ta ci.
Sai wata Laraba filaya ta suɓuce daga hannuna.
Na ɗauka, ta sake faɗuwa.
Ladan yaron shago ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Bayan mako idon hagu ya yi dishi-dishi,
jan tef ya koma launin ƙasa,
ƙafar dama kamar ta aro.
Inno ta ce, "Wanga ba ciwon assibiti na ba, Modi,
hannu anka sa ma."
Na sha saiwa, na sha sassaƙe, an turara ni har na yi tari.
Ciwon ya tafi don kansa, aka ce an dace.
Wata bakwai ya dawo, ko sallama babu.

A Gawon Nama suka zura ni cikin bututu mai ƙara,
suka ce kada in motsa.
Likita Hajo ta ɗaga hoton kaina ga haske:
farare ɗigo-ɗigo, kamar an watsa wa kaji tsaki.
Ta tambayi sana'ata. Da na faɗa, sai ta ajiye biro.
"To ai ka fi ni sani. Jijiya waya ce, tana da riga.
Masu gadin jikinka ne suka ruɗe,
suke ɓare rigar, suna zaton ɓarawo suka kama."
Sunan ciwon dogo ne, bakina bai ɗauke shi ba.
Ta gajarta mini: Em-Es.

Na ce, "A naɗe ta mana. Ni kullum naɗewa nake."

Ta daɗe tana duban hannuna.
"Ba mu kai nan ba tukuna. Ba a raba ka da shi,
amma ana yi masa dabaibayi."

Dabaibayin ke nan:
in ya taso, kwana uku ko biyar ana ɗura mini ruwan allura,
baki ya yi ɗacin ƙarfe, barci ya ƙaura.
Akwai wani maganin da ke rage masa zuwa,
kuɗinsa ya cinye babur ɗina, yana hararar filin Mabera.
Duk Talata ɗakin motsa jiki,
ƙato da ni ina matsa ƙwallon roba,
ina bin farin layi a ƙasa kamar mai tatata.

Amma zafi, zafin Sakkwato!
In rana ta take a watan huɗu
wayoyina duka sai su haɗe.
Yanzu asuba nake buɗe shago, hantsi in rufe.
Tumba na jiƙa mayafi a ruwan randa
ta shimfiɗa mini a wuya, ba ta cewa sannu,
ta san sannun ta ishe ni.

Wata rana nakan tashi garau, in manta sanda a zaure.
Wata rana maɓallin riga ya gagare ni.
Masu gaisuwa su ce, "Ka ji sauƙi ke nan?"
In ce da sauƙi, don doguwar amsa ba ta shiga gaisuwa.
Na bar cewa yaushe zai tafi.
Ina roƙon Allah, ina kuma duba ranar da aka rubuta a kati.

Jiya an kawo tsohuwar fanka, rigar wayarta duk ta zube.
Ladan ya riƙe bakin zaren tagulla,
hannunsa ke juyawa, ni ke ƙirga.
Ya tsaya a ɗari uku da tamanin.
Na ce ƙara ashirin.
Da aka kawo wuta muka jona,
ta yi gurnani, ta yi jinkiri,
sannan ta juya.
Na matsar da kujerata gabanta.