Kwana Uku a Gidan Gandu

Ɗana Nazifi ne ya biya.
Ya ce, "Umma, je ki huta,
can bayan Kufena yake,
tsohon gida ne aka gyara,
ba ƙarar babur, ba mai buga ƙofa."
Ban gaya masa na san hanyar ba.

A bakin zaure yarinya ta tarbe ni
da tawul mai ɗumi da zoɓo a kofin gilashi.
Rahila sunanta, yana rubuce a ƙirjinta.
Ta ɗaga hannu ta nuna mini bakan gizo,
ta ce duk wannan Alhaji Mamuda ya gina
da kuɗin auduga, tun kafin a haifi kakarta.
Na ce, "To."

Alhaji Mamuda bai taɓa cuɗa ƙasa ba.
Kakana ya ɗora tubalin,
ubana, Jatau magini, shi ke hawa duk bazara
ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauko,
ni ina ƙasa, 'yar shekara bakwai,
riƙe da ƙwaryar furarsa, ina korar ƙuda.

Ɗakin da aka ba ni sito ne a da.
Yanzu gado ne a ciki mai faɗin masussuka,
zanensa fari fat, har na ji nauyin hawa.
Ramin da jaɓa ke bi an sa masa fitila.
Rijiyar da igiya ta cinye wa baki
an rufe ta da gilashi, an kunna wuta ciki,
baƙi daga Abuja suna leƙawa, suna ɗaukar hoto.
Kuɗin dare ɗaya, na tambaya a ɓoye.
Jatau bai taɓa riƙe rabinsu ba
tun daga kaciya har likkafani.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.
Ruwan zafi ba tare da hura wuta ba.
Tuwo ɗan mitsitsi kamar ƙwan zabo
a tsakiyar faranti mai girman faifai,
na cinye, na nemi ƙari, aka kawo.
Gwiwoyina da ke ƙorafi shekara biyar
suka yi shiru kamar an ba su cin hanci.

A dare na biyu hadari ya taso daga gabas.
Wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya ƙi.
Cikin duhu turaren da suka fesa ya janye,
gidan ya dawo da warinsa na asali,
jiƙaƙƙiyar ƙasa, makuba, ɗan kashin jemage.
Sai na ji:
ɗis.
Na kasa kunne.
Ɗis.

Kusurwar arewa, inda azara biyu suka haɗu.
Nan ne Baba kan tsaya, ya riƙe ƙugu,
ya ce, "Wannan wuri, ni da shi sai Lahira."
Injiniyoyi sun zo daga Kaduna
da siminti da leda da takardu,
su ma ya kayar da su.

Na lalubo tasar da aka jera wa tuffa,
na juye su kan gado, na tara.
Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai,
ban san lokacin da dariyar ta canja ba.

Da safe manaja ya zo yana ta ba da haƙuri,
wai a mayar da ni wani ɗaki, babba, kyauta.
Na ce a bar ni inda nake.
Na ja Rahila waje, na nuna mata sama:
"Ba rufin ba ne, indararon ne.
Bakinsa ya yi tsayi, ruwa na komawa baya.
A sauke shi yatsa uku.
Baba ya gane haka a shekarar da ƙafa ta hana shi hawa."

Ta rubuta a wayarta, ta dube ni.
"Hajiya, ke injiniya ce?"
Na ce, "A'a, 'yata.
Fura nake riƙewa."